Takardar Likita Kafin Damben Asabar

Kwana huɗu ya rage a yi damben da Guduma ta shafe wata biyar tana shirinsa, kuma ba mai barin ta hawa dandali sai da takardar likita. Shi ya sa take zaune a ɗakin gwaji, maigidanta, wanda shi ne kocinta, yana tsaye bakin ƙofa rungume da jakarta.

An haska mata ido, lafiya lau. An manna mata wayoyi a ƙirji an duba zuciya, an ɗebi jini da fitsari. Ita dai sikeli ne damuwarta, don kilo biyu sun ƙi sauka duk gudun safe da tsallen igiya. Jiri da tashin zuciyar da ke damun ta kuwa, su biyun sun ɗora wa horo, tunda duk mai rage nauyi ya saba da su.

Likitar ta dawo riƙe da sakamako, ta dubi kocin ta saman tabarau.

"Malam, kai ke sa ta gudu cikin rigar leda?"

"Ni ne, likita. Jikin ne ya ɗauko halin mai shi, ba ya jin magana."

"To ba zan sa hannu ba." Ta juya wajen Guduma. "Duk macen da za ta yi dambe sai mun yi mata gwajin ciki, 'yar'uwa. Naki ya nuna."

Da farko damben Asabar ne ya faɗo wa Guduma a rai, da wahalar wata biyar. Sai ta tuna atisayen jiya, da naushi biyun da ta sha a cikinta.

"Likita, jiya an dake ni a nan. A duba min yanzu, don Allah."

Aka kwantar da ita, aka shafa mata wani mai mai sanyi a ciki, aka ɗora na'ura. Can sai ga wani ɗan bugun zuciya mai sauri, tsaf-tsaf, ba gargada.

"Sati goma, kuma lafiyarsa ƙalau," in ji likitar.

Kocin ya nemi kujera ya rasa, ya zauna a kan sikeli yana dariya yana goge ido.

"Tashi ka kira masu shirya wasan," in ji Guduma, hannunta a kan mararta. "Ka ce su nemi wata. Sannan ka samo min abinci, Koci, sati uku ke nan kana hora mu da yunwa."