Gudun Na Hagu

Tagwayen masu aski ne, shago ɗaya, kujera biyu, shi ya sa unguwa take kiransu Na Dama da Na Hagu. Shekararsu talatin da huɗu, amma Na Hagu bai taɓa mallakar wani abu shi kaɗai ba. Ko ƙyanda tare suka yi. Abin yana ci masa rai, ya rasa wanda zai gaya wa.

Sai ga wata likita mai binciken tagwaye ta zo shagon. So take ta gano ko gudu a jini yake ko a horo. Ɗaya zai riƙa gudu kullum har wata shida, ɗayan ya zauna, sannan a gwada su. Aka yi ƙuri'a, gudu ya faɗa kan Na Hagu. Ranar don murna sai da ya aske wa wani rabin gira.

Uwarsu ce ta dagula lamarin, mace ce da ke raba musu dafaffen ƙwai da zare don kada wani ya fi wani.

"Ni ban haifi ɗan gudu da ɗan zama ba," in ji ta. "Yau kai, gobe ɗan'uwanka."

"Mama, bincike ne fa."

"Binciken ne ya yi naƙudarku?"

Dole aka bi. Agogo mai ƙirga taku da likita ta ɗaura wa Na Hagu ya riƙa sauya hannu kowace safiya, likitar kuwa ba ta gane ba. Wa zai gane? Amma Na Hagu ya shiga satar gudu. In ya ce zai kai almakashi wasawa, kasuwa yake zagayewa sau uku.

Ranar gwaji uwar tana gida. Aka ɗora su kan injin gudu biyu, gefe da gefe. Bayan minti goma sha biyu Na Hagu yana jin kamar yanzu ya fara, amma numfashin ɗan'uwansa ya koma fita da ƙara kamar tsohon famfo. Bai taɓa jin numfashin nan ya saɓa da nasa ba. Daɗin da ya yi shekaru yana jira bai zo ba, tsoro ne ya kama shi. Na Dama ya kai hannu zai kashe injinsa, Na Hagu ma ya kashe nasa.

"Daidai da daidai," in ji likita tana rubutu. "Horo bai ƙara komai ba. Jini ne."

A hanyar gida Na Dama ya ce, "Ba ka gaji ba. Ko gumi ba ka yi ba."

"Na gaji mana."

"Ƙarya kake."

Na Hagu ya dai rage sauri har ɗan'uwansa ya kamo shi.