Mari a Ƙofar Gidan Goni

Tun ranar da na ga an shafa fenti ruwan ɗorawa a bakin titinmu na san wata rigima na tafe, kuma na san a kaina za ta ƙare, don duk abin da ya taso a gidan nan Fanta ake kira. Ni ce babbar 'yar Goni, ni kaɗai na rage a gabansa tun rasuwar mahaifiyarmu. Sauran suna Kano da Maiduguri, aikinsu aiko gaisuwa ta waya da tambayar ko Baba yana shan maganinsa.

Gidanmu yana kan hanyar shiga kasuwar Gaya, da wata tsohuwar ceɗiya a ƙofa. Kakanmu da ya zo fatauci daga gabas a gindinta ya fara sauke kaya, ba wanda ya tambaye shi daga ina yake. Da ya gina gida a wurin sai ya ce ba za a taɓa hana baƙo inuwar nan ba, haka kuwa aka tafi. Ranar kasuwa mutanen ƙauye suka riƙa ɗaure jakuna a wurin, daga baya kekuna, daga baya babura, yanzu har da motoci. Ba a biyan komai. Mutum zai yi sallama, ya durƙusa ya gai da Baba a kan buzunsa, ya nuna abin hawansa, Baba ya ce, "Je ka, tana hannuna." In ya faɗi haka, ba ya zuwa ko'ina sai masallacin da ke tsallaken titi, har na ƙarshe ya zo ya ɗauki abinsa. Ko madubin babur ba a taɓa cirewa a wurin ba. Baba yana ji da wannan fiye da yadda yake ji da gonarsa ta Balan.

To, bana aka ba wani kamfani kwangilar tsara ajiye motoci a kewayen kasuwa. Suka kewaye wani fili can bayan tasha, inda rana ke dukan mutum har ya manta sunansa, suka ce nan za a riƙa ajiyewa a biya. Wanda ya tsaya a bakin titi kuwa, samarinsu masu riguna masu ƙyalli su ɗaure masa taya da wani ƙarfe mai baki kamar awartaki. Mutanen gari ba su ɓata lokaci ba suka sa wa ƙarfen suna mari. Na faɗa wa Baba, har na karanta masa allon da suka kafa. Ya saurare ni tsaf, kamar yadda yake sauraren likita in ya hana shi goro, sannan ya ce ai allon da titi yake magana, ba da ƙofar gidansa ba.

Ranar da abin ya faru, da hantsi, wani manomi daga Gafasa mai suna Bubayero ya zo da tsohuwar akori-kurarsa. Ya daɗe yana ajiyewa a wurinmu, mutum ne marar yawan magana, ko tari zai yi sai ya juya baya. Ya ga fentin, ya tambayi Baba ko babu damuwa, don ya ji ana ta labarin marin nan. Baba ya ɗaga masa hannu ya ce ya je, tana hannunsa. Ina daga zaure ina tsince shinkafa, na so in tanka, amma wa zai gyara wa Goni magana a gaban baƙo?

Da aka kira azahar Baba ya tsallaka masallaci, ni kuma na shiga ciki duba tukunya. Kafin a sallame har an gama aiki. Na fito na tarar da marin a tayar gaba, da wata takarda manne a gilashi, Baba kuma yana tsaye a kansa da sandarsa, yana kallonsa kamar an yi masa kashi a zaure. Ana cikin haka sai ga Bubayero da masu baro biye da shi, sun lodo irin tattasai na dashe, ɗauri-ɗauri, saiwoyin da danshinsu. Ya riga ya jiƙa gonarsa tun jiya, ya kuma tara mutanen da za su taya shi dasawa da yamma. Irin tattasai kuwa ba ya jiran kowa, in ya wuni a rana sai dai a ba awaki.

Aka kirawo saurayin da ya ɗaure, wani siriri mai suna Muzammil. Ban ga laifin tarbiyyarsa ba, har ƙasa ya tsuguna ya gai da Baba. Sai dai ya ce shi ɗaurewa kawai aka ba shi, makulli yana ofis, kuma ba a fito da shi sai an ga rasit. Baba ya yi masa bayanin ceɗiyar tun daga kakanmu, yaron yana ta gyaɗa kai yana cewa haka ne Baba, gaskiya ne Baba, amma makulli yana ofis.

Aka loda irin a bayan motar, muka shimfiɗa buhunan da na jiƙa a kansa, muka kama hanyar ofis. Tafiyar da yaro zai yi kafin a gama alwala, mu sai da muka tsaya hutawa a hanya saboda gwiwar Baba. Ofishin ma wani kwantena ne da aka fasa wa taga, da fanka tana juya iska mai zafi. Manajan ya ba Baba kujerarsa, har da ruwan leda. Ya ce ya san Goni, wa bai san Goni ba? Amma a takardar da aka ba su, daga bakin kwata zuwa titi ba na mai gida ba ne, ceɗiyar kuma tana wajen kwata. Duk da haka abin mai sauƙi ne, a biya tara yanzu a kwance, in akwai ƙorafi a shigar daga baya.

Da a nan aka tsaya da an gama. Bubayero ya sa hannu a aljihu, Baba ya riƙe masa hannu ya ce ba a gabansa ba, shi ya ce a ajiye, shi zai biya. Bubayero, wannan da ba ya magana, ya zabura ya ce wallahi tallahi Baba ba zai biya masa ko ƙwandala ba, ina za shi da kunyar nan a Gafasa, a ce dattijo ya ba shi inuwa shekara da shekaru sannan ya biya masa tara? Baba kuma ya ce in Bubayero ya biya bai yafe ba.

Ni na san an shiga uku. Baba malami ne, ba zai tilasta wa Musulmi karya rantsuwa ba. Bubayero kuma ba zai taka maganar dattijo a gaban idonsa ba. Na ce to ni in biya mana, su biyun suka juyo suka kalle ni kamar na yi ashar. Manajan ma sai da ya ba ni tausayi, ya riƙe biro da littafin rasit yana duban wannan ya dubi wancan, ga mutum biyu kowa na son biya, kuma ba mai iya biya.

Baba ne ya samo mafita, irin tasa. Ya ce ai ba wanda ya kamata ya biya tun farko, tunda ba a yi laifi ba, saboda haka ƙorafin za a fara shigarwa. Manajan ya ce ƙorafi ba a nan ake karɓa ba, akwai lamba. Na kira da wayata. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, na sake, aka sa mini kiɗa. Can wata yarinya ta ɗauka daga Kano, muryarta mai daɗi, ta ce in aika hoton motar da na rasit. Na ce ai ba mu biya ba, a kan biyan ake gardama. Ta ce to ba za ta iya buɗe ƙorafi ba sai da lambar rasit. Na miƙa wa Baba wayar, ya fara mata da sallama cikakkiya, ya tambayi iyayenta, yana isowa kan kakanmu kati ya ƙare.

Muka dawo gida. Na gaji, ba gajiyar ƙafa kawai ba. Na gaji da zama tsakanin Baba da duniyar da ta daina tambayar izininsa. Inuwar ceɗiyar ta riga ta karkata ta bar bayan motar a rana. Na sake jiƙa buhunan, na ɗaga ɗaya na leƙa, ganyen ya fara langaɓewa. Wayar Bubayero kuma ba ta huta ba, mutanen da ya tara a gona suna tambaya ko su watse. Baba ya jawo buzunsa dab da tayar ya zauna, ya ce ba zai tashi ba sai an kwance, wai in manajan ya ji Goni yana zaune a ƙasa zai ji kunya. Ban gaya masa ba, amma manajan da muka baro shinkafa da wake yake ci.

Aka kira la'asar. Baba ya miƙe da ƙyar, ya ce wa Bubayero su je. Bubayero ya ce Baba ya yi gaba, shi zai sake alwala. Yana ganin Baba ya shige masallaci ya tari ɗan acaɓa. Kafin a idar da salla ya dawo da Muzammil a baya da makulli a hannu. Kwancewar ba ta kai tsawon hamma ba. Ya tayar da mota, sannan ya leƙo ta taga, idonsa ya yi ja.

"Yaya Fanta, ki ba Baba haƙuri," in ji shi. "Sallar ma a hanya zan yi. Ba zan iya tsayawa in dube shi ba."

Ni kam, gaskiya, wani sanyi na ji a raina, ko ba komai tattasan zai kai gona da sauran rai. Na kwashe buhunan da ya bari, na share ganyen da ya zube.

Baba ya fito, ya tsallako titi a hankali, ya tsaya inda motar take ɗazu. Ya dubi sawun tayar, ya dubi buzunsa shi kaɗai a gefe. Na shirya jin faɗa, na ma tanadi amsa. Bai yi faɗa ba.

"Ya biya?" ya tambaye ni.

"Ya biya, Baba."

"Ya yi sallama?"

Na ce ya bar saƙon ban haƙuri. Baba ya gyaɗa kai ya ce a gaya wa Bubayero ya yafe, shi ne ma ya kamata ya nemi yafiya. Daren nan bai taɓa tuwonsa ba.

Da kasuwa ta zagayo na fitar masa da buzu gindin ceɗiya kamar kullum. Bai daɗe da zama ba wani magidanci daga Toranke ya tsaya da babur, da kaji ɗaure a baya. Ya kashe inji, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce ga babur ɗinsa. Baba ya daɗe yana kallon babur ɗin, har mutumin ya ɗauka bai ji ba, ya maimaita.

"Na ji ka, ɗana," in ji Baba. "Kai shi can fili bayan tasha. Nan ba a hannuna yake ba."

Mutumin ya yi dariya, ya zaci wasa ne. Da ya ga Baba bai dara ba, ya tura babur ɗinsa ya tafi yana waiwaye. Baba ya dogara sandarsa ya miƙe, ya ce in naɗe buzun in shigo masa da shi zaure.