Gurbin Yatsa a Kofin Gwaggo

Sai da Maman 'Yan Biyu ta ɗaga kofin a hasken taga sannan gabanta ya faɗi. Tabon ya tafi. Ta goge shi tas da lemun tsami da gishiri, hankalinta yana can kan wata riga da ba ta gama ɗinkawa ba.

Kai, garin neman gira an rasa ido! Duk mazauna benen nan sun san kayan tagullar Gwaggon Sama, tsohuwar da ke ɗakin ƙarshe. Farantai ne, da fitila, da ɗan turmi, suna sheƙi har mace ta gyara ɗaurin ɗankwali a jikinsu. Sun kuma haddace dokokinta: a wanke, a tsane sosai, a shafa ɗan mai, a naɗe a ƙyalle. "Gumin yatsa shi ne maƙiyin tagulla," in ji ta. Wuri ɗaya tak tsummanta yake kewayewa, wani baƙin tabo a mariƙin kofin nan, inda babban yatsan marigayi mijinta yake zama idan yana shan ruwa. Ita kanta ba ta taɓa wurin. Da ciwo ya kwantar da ita, Maman 'Yan Biyu, tela da ƙofarsu ke kallon juna, ta karɓi gugar kayan. Yau ga abin da ta aikata wa tsohuwar da likita ya ce a kai ta gida kawai a kula da ita.

Ta danna yatsanta a wurin, a banza. Ta kunna kyandir ta kara mariƙin a hayaƙi, baƙin ya biyo hannunta.

"Tela!" Muryar Gwaggo ce daga ciki, siririya. "Ƙishi nake ji. A kofin maigidan."

Haka ta shiga da shi. Idon Gwaggo ya yi rauni, amma hancinta lafiya lau.

"Me ke ƙauri? Kofin kika gasa?"

Maman 'Yan Biyu ta durƙusa a bakin gado, sai hawaye. "Gwaggo, na yi ɓarna. Na goge wurin Baba."

Tsohuwar ta karɓi kofin da hannu biyu, ta lalubi mariƙin da yatsanta. Can ya tsaya, ya zauna daram.

"Kawo hannunki, 'yar nan."

Ta ɗora yatsan Maman 'Yan Biyu a wurin. Wani ɗan kwarmi ne, santsi, daidai cikin babban yatsa.

"Kin ji? Mutumin nan bai iya riƙe komai a hankali ba, har ƙarfe ya cinye." Ta yi dariya, tari ya sarƙe ta, ta huta. "Shekara da shekaru ina gadin datti, ashe shi yana ƙasa ban sani ba."

"Kin yafe min, Gwaggo?"

"Tashi, ke ma da rigima. Abin da ban yafe ba, gindin kofin nan da laima. Ba ki tsane shi ba. Wallahi ɗinkin ma ban san yadda kike yinsa ba."

Daga ranar Gwaggo ta karya dokarta da kanta. Kofin yana kan ƙirjinta safe da yamma, yatsanta a kwarmin. Ko za a sauya mata zani, sai dai a zagaye shi. Wata safiya Maman 'Yan Biyu ta shigo da ruwan ɗumi, ta yi sallama har ta gaji. Ta yi kuka sosai, don tana son tsohuwar nan da duk faɗanta.

Bayan an watse daga zaman makoki, autar Gwaggo ta zauna a ƙasa tana naɗe kayan tana jerawa a kwali. Da ta zo kan kofin, ta karkata shi wajen taga.

"Anti, miƙo min tsumman nan. Mariƙin ya soma dusashewa, kin san Mama ba ta son haka."

Maman 'Yan Biyu ta leƙa. Ɗan shatin yatsan Gwaggo ne, bai kai faɗin kwarmin ba.

"Naɗe shi haka, Auta."

Ta ninke tsumman, ta tura shi ƙarƙashin cinyarta, ta miƙa mata ƙyalle mai tsabta.