Bindigar da Malam Ɗalhatu Bai Zaɓa Ba

"Tun kafin azumi kake zaɓen bindigar nan, Baba! Ko mata ake zaɓa, ai da yanzu an yi suna!"

"Mata ai da sauƙi," in ji Malam Ɗalhatu. "In ta yi maka shuri ka kai ƙara gidansu. Bindiga fa, gidan wa za ka kai ƙara?"

"Ni ba wasa nake yi ba. Ka faɗa masa kowace ce, khalas, mu tafi gida."

"Ke da allura kika saba, Firdausi. Ki bar maganar bindiga ga masu ita."

Ina tsaye a bakin ƙofarsu da kwanon kunun gyaɗa. Kada wani ya ce laɓe nake yi. Ƙofofin benen nan namu na unguwar Al Qusais kamar kwali suke, ko atishawa ka yi a hawa na uku sai na hawa na biyu ya ce maka yarhamukallahu. Na dai ɗan jinkirta sallama don kada in katse musu magana, wannan kuwa ladabi ne.

Ni ce Sauda, amma duk benen Iya ake ce mini, har Indiyawan hawan ƙasa. 'Yata Muhsinat ce ta kawo ni Dubai rainon jikoki, jikokin suka shiga makaranta suka bar ni da bango huɗu da kunnuwa biyu. Ƙofarmu tana kallon ta Nana Firdausi, ma'aikaciyar jinya, wadda ta ɗauko mahaifinta daga Ningi don a duba masa hanta. An duba. Likitoci suka ce a kai shi inda hankalinsa zai kwanta, a ba shi abin da ransa ke so. Wannan a matattakala na ji shi, tana faɗa wa mijinta a waya tana kuka. Ita so take ta mayar da shi gida tun yana iya zaman jirgi. Shi kuwa ya kafe, wai ba inda za shi sai ya gama zaɓa wa ɗansa bindiga.

Ɗan shi ne Abubakar Sadiq, yana can Amurka, wani wuri wai shi Texas. Malam maharbi ne tun kakanni, ya so yaron ya gaje shi, yaron ya ce shi boko zai yi. Aka yi ta ja har wani kawunsa ya tafi da shi Legas yana ɗan shekara sha biyar. Daga nan sai gaisuwar salla, ita ma ta bakin Firdausi. To sai ga ikon Allah, bana abokan aikinsa suka ja shi farauta, ya rasa wanda zai tambaya wace bindiga zai saya, ya kira tsohon. Tun daga ranar, kullum bayan la'asar wayar nan sai ta yi ƙara, mu da yamma, shi da sassafe yana shan shayi a mota.

Nakan shiga in zauna, don wani ya riƙe wa Malam wayar, hannunsa ba ya iya daɗewa da ita.

Rannan Sadiq ya ce, "Baba, mai shagon bindigar ya ce barewa da aladen daji sai mai harsashi guda, ta nesa, mai madubi a bisa. Amma talotalo sai mai watsa dalma."

"Alade?" na ce. "Auzubillahi! Malam, da girmanka?"

"Wa ya ce miki ci za a yi? Gona suke ɓata wa mutane. Mu ma gadu nawa muka kashe wa manoma? Riƙe wayar daidai, Iya, silin kike nuna masa." Ya matso da fuskarsa. "Sadiq, ka ji ni. Mai harsashi guda ta mai ido ce da mai haƙuri. Barewa ba ta ba ka sau biyu. Shi kuwa alade in ka ji masa ciwo ba ka kashe shi ba, kai zai nema. Ka ɗauki ta nesa."

"To shi ke nan, gobe in saya?"

"Dakata. Gobe ma yi magana."

Washegari sai ya juya kamar waina. "Na kwana ina tunani. Mai watsa dalma ta fi. Ka sa mata dunƙulallen harsashi ta kayar da barewa a kusa, ka sa mata ƙanana ta ɗauki talotalo a wuya ba ta ɓata ƙirji ba. Bindiga ɗaya, nama uku. Dajin naku kurmi ne ko fili?" Sadiq ya yi ta bayani, Malam yana lumshe ido yana murmushi. Jibi kuma ya koma ta nesa. Rannan nauyi ne matsalar, rannan shurin da take yi wa kafaɗa, rannan wai baki biyu ko baki ɗaya.

Ni ban yi boko mai zurfi ba, aji huɗu aka cire ni, amma na san mai ciniki na san mai jan lokaci. Wata rana Firdausi tana wurin aiki na shiga na rufe ƙofa.

"Malam, kai fa ba bindiga kake zaɓa ba."

Yana zaune a kan darduma da sandar tsintsiyar goge ƙasa, ya cire mata kan, yana yi mata tsaga da wuƙar yankan albasa. Bai ɗago ba.

"Ranar da na ce masa ga wadda zai saya, me zai kira ni ya ce, Iya?"

Na buɗe baki, ya riga ni.

"Kuma na san abin da kika zo da shi a baki, yana ƙaiƙayinki tun sati biyu. Ajiye shi. Na bi sawun dabbar da ta ji harsashi ya fi a ƙirga. Na san yadda take tafiya, na san inda take nufa. Ba sai likita ya gaya mini ba."

"To ka gaya wa yaron mana!"

"Na hana Firdausi, ke ma na hana ki. Ba a kiran nama da kuka. In ya zo don tausayi, gawa ya zo gani. Ni so nake ya zo wurin ubansa." Ya ɗaga sandar. "Ga tarkona."

Ya nuna mini. A wurinsu, in ji shi, ba a ba mutum bindiga sai an auna hannunsa. A dasa gindin sanda a lanƙwasar gwiwar hannu, a miƙe, inda gaɓar yatsan nuni ta tsaya nan kunamar bindigar za ta zauna. In gindin bindiga ya fi hannunka tsawo za ta kuskure, in ya gaza za ta fasa maka leɓe. Kuma uba ne ke auna ɗansa, ba wani ba. Tsaga biyu ya yi a jikin sandar, ɗaya can sama, ɗaya ƙasa da ita sosai.

"Ta saman tawa ce. Wannan ta Sadiq."

"Ashe ɗan naka wada ne?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na ba shi ruwa.

Da la'asar ya ɗana tarkon. "Sadiq, na gano inda muke ɓata lokaci. Ba a zaɓen bindiga a hoto. Ka kawo hannunka in auna, a rana ɗaya mu gama."

"Baba, ai a shagon ma suna aunawa."

"Mai shago ne ya haife ka?"

Sadiq ya yi dariya. "To inshallah, in na sami hutu ƙarshen shekara."

Ƙarshen shekara! Mutumin da idonsa ya koma kamar an shafa masa kurkur, wanda ƙafarsa ba ta shiga silifa. Na dubi Firdausi, ta kau da kai tana gyara labulen da ba abin da ya same shi. Na dubi wayar da ke hannuna. To ni dai Allah bai halicce ni da murfi ba. Na juyo da ita fuskata.

"Kai yaro, ni ce Iya ta maƙwabta. Ubanka ba zai kai ƙarshen shekara ba. In za ka zo ka zo."

Malam ya miƙo hannu ya karɓi wayar ya kife ta a kan darduma.

"Kin kore mini nama, Sauda."

Ranar ce kaɗai ya kira sunana. Har gobe ban ce na yi laifi ba, a tambayi kowace uwa. Amma abin da ya faɗa haka ya zama. Sadiq ya ci gaba da kira, sai dai babu barewa, babu talotalo. "Baba yaya jiki? Ka sha magani? Ina neman tikiti, aiki ne ya riƙe ni, ka ɗan yi haƙuri." Malam ya ce, "Dajin naku an fara ruwa?" Ya ce, "Baba ka bar maganar daji, ka huta." Kiran da kan kai mu har kusan magariba ya koma ɗan guntu, kamar gaisuwar mutanen da suka haɗu a lif.

Na ci gaba da kai kunu. Yana karɓa, ya ce an gode, ba tsokana. Maganar komawa Ningi ta mutu da kanta, don ko bayan gida sai an riƙe shi. Sandar tana jingine kusa da kansa. Rannan Firdausi ta ɗauka za ta mayar wa tsintsiya, ya yi mata tsawar da ban san yana da sauran ƙarfinta ba.

Ranar Talata da hantsi ina yi masa fifita da kwalin magani, don ya ce sanyin na'ura yana shiga masa ƙashi. Ya buɗe ido.

"Iya, talotalon daji wai yana tashi sama kuwa?"

"Ina zan sani, Malam? Ni na kasuwa na sani, shi ma a tukunya."

Ya ɗan motsa baki, ina jin dariya ce. "Ki tambayar mini shi in ya zo."

Daga nan sai kalmar shahada, Firdausi tana tisa masa yana bi a hankali. Kafin azahar an rufe masa fuska. A nan maƙabartar Al Qusais aka binne shi, da 'yan Kano na kasuwar Murshid Bazaar da suka rufe shaguna, da 'yan Nijar masu aika kaya gida ta kago, da Pakistanin da ke gadin benenmu. Ba wanda ya san maharbi ne a cikinsu.

Sadiq ya sauka ana sadakar uku. Dogo, ƙato, kafaɗa kamar ƙofar gareji, kamannin tsohon sak. Da baƙi suka watse muka rage mu uku a falo, ni ina tattara kofuna a hankali, don kofi ba a yi masa gaggawa.

"Ya faɗa kuwa?" in ji shi. "Wace ce ya zaɓa?"

Firdausi ta ajiye farantin dabino. "Abin da ka zo tambaya ke nan?"

"Me kike so in tambaya? Ke ce ma'aikaciyar jinya, kin san komai tun farko kika rufe ni! Sai a bakin maƙwabciya zan ji?"

"Ka ji ɗin, me ka yi? Aiki ya riƙe ka!"

"Da kin faɗa mini tun da wuri..."

"Da wuri? Yaya Sadiq, shekara nawa kana aiko masa gaisuwa ta bakina kamar ɗan aike?"

Na shiga ɗakin marigayi na ɗauko sandar. Ba wanda ya sa ni.

"Ga abin da ya bar maka. Ya ce ta ƙasan taka ce. Dasa nan, a gwiwar hannu. Miƙe."

Ya karɓa, ya naɗe hannun rigarsa ya dasa. Tsagar da aka yi masa ta tsaya a tsintsiyar hannunsa, wurin agogo. Yatsansa ya wuce ta, ya wuce har ta uban.

"Wannan ba awona ba ne," ya ce.

"Naka ne," in ji Firdausi, muryarta ta sauka. "Da karan dawa ya auna ka a zaure, zai kai wa maƙeri. Ina tsaye. Sati bai cika ba ka bi kawu."

Ya tsaya yana kallon tsagar. Ya sa babban yatsa ya shafa ta. Na buɗe baki zan isar da saƙon talotalo, sai na ga ba yanzu ba.

Ya jingina sandar da bango, ya fita ko takalmi bai tsaya ɗaurewa ba, ya bugo ƙofar har kofunan hannuna suka yi ƙara. Sandar ta zame a hankali tana gogar bango, ta kwanta a kan dardumar Malam.