Sallar Matafiyi

Motar ta tsaya a Magama, daf da shingen kan iyaka, labulen atamfa na kaɗawa a tagoginta. 'Yan acaɓa suka yanyame ta. Wani jami'i ya leƙa ciki, ya ga gado da murhun gas har da tukunyar miya, ya riƙe baki.

“Ikon Allah! Baba, wannan mota ce ko ɗaki?”

“Mota ce, ɗana,” in ji Malam Kalilu. “Yawon buɗe ido muke yi, yau Maraɗi muka nufa.”

Matarsa Adama ta taɓe baki. Buɗe ido! Ido kam ya buɗe har ya gaji. Tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu can bayan Bugaje, Kalilu, da yake mai walda ne, ya sami tsohuwar bas ya mai da ita mazauni. Sun ga Argungu, sun ga Illela, sun ci kifin Nguru, sun kai har Gaidam. Duk inda suka sauka ya yi walda, ya sami na mai, su ƙara gaba. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo bayanta. Amma ko da wasa ka kira shi ɗan gudun hijira, to ka taro faɗa.

Shi ya sa bai yarda ya cika salla ba. Azahar, la'asar da lisha, raka'a bibbiyu yake yi, kasaru irin ta matafiyi. Ita kuwa da ya sallame sai ta miƙe ta cika huɗunta.

“Ke dai akwai taurin kai,” yakan ce. “Allah ya yi wa matafiyi rangwame, kin ƙi karɓa.”

“Malam, matafiyi shi ne mai gidan komawa.”

Ranar da ta fara gaya masa haka, ko kallon tuwonta bai yi ba.

Adama ta san ba Maraɗi ce ta kawo shi ba; ruwa ba ya tsami banza. Labarin gida ya zo nema. Aka kuwa yi dace, ga Yusha'u, tsohon maƙwabcinsu, yana tura baro cike da buhuna. Suka rungumi juna, suka gaisa.

“To, Yusha'u, mutane sun fara komawa?”

Yusha'u ya sunkuyar da kai. “Wa zai koma, Malam? Na leƙa bayan Babbar Salla. Ruwan bana ya ka da katangarka, ɗakuna sun zube, rijiya ta rufta. Ba don darbejiyar ƙofar gida ba, da ban gane wurin ba.”

“Allah mai iko,” in ji Kalilu. Ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, har da tsokana, kamar ba a ce komai ba.

Adama na daga cikin mota tana ji, tausayinsa ya kama ta. Ta daɗe tana so ya yarda da gaskiya, yau ga gaskiyar ta zo, ta ji ta tsane ta.

La'asar ta yi. Ya shimfiɗa tabarma a inuwar motar, ta tsaya bayansa. Suka yi raka'a biyu, suka zauna tahiya, tana jiran sallamarsa kamar kullum.

“Allahu Akbar,” ya ce, ya dafa ƙasa ya miƙe.

“Subhanallah,” ta ce a hankali, yadda ake tunatar da liman in ya yi mantuwa.

Bai zauna ba.

“Subhanallah,” ta sake cewa, wannan karon roƙo ne.

Ya ci gaba da karatunsa a tsaye. Sai ta miƙe ta bi shi raka'a ta uku, hawaye na ɗiga a kan hijabinta.