Hanyar da Tankar Laminu Ta Bi

Ishmael direban tankar yaƙi ne a da. Tun da aka sallame shi daga soja, kunne ɗaya a toshe, ƙafa ɗaya da ɗingishi, ya kama ɗaki a Jimeta. Idan damina ta faɗi yana tuƙa wa wani manomi tarakta a Mbamoi, da rani kuwa sai zaman ɗaki. Matarsa Keturah ta kwashe yara ta koma gidansu a Numan, ta ce ba za ta iya da mutumin da yake yini bai ce uffan ba. Bai ga laifinta ba.

Wayarsa ce abokiyar hirarsa. A cikinta ya ci karo da tarihin wata rundunar tankokin Jamus ta zamanin yaƙin duniya na biyu, an bi ta daki-daki: inda aka kafa ta, garuruwan da ta ratsa, sanyin da ya cinye rabinta, da inda sauran suka ƙare. Ba son mutanen yake ba, ya san ɓarnar da suka yi. Abin da yake ci masa rai shi ne, har su ma an san hanyar da suka bi. Rundunar su Ishmael kuwa, da aka rarraba waɗanda suka tsira zuwa barikoki dabam-dabam, sai ta zama kamar ba a taɓa yin ta ba.

Wata safiya wata mata ta kira shi, ta ce sunanta Bintu, ƙanwar Laminu. Laminu ɗan Borno ne, shi yake harba igwa a tankarsu.

"Mamanmu ce take son ganinka kafin mu koma gida," in ji ta. "Muna unguwar Adarawo. Yau za mu tashi."

Ya daɗe zaune a bakin gado, sannan ya sa takalmi ya hau keke napep zuwa cikin Yola.

Ya tarar an ɗaure kaya a tsakar gida. Tsohuwar, Ya Kellumi, tana kan tabarmar da ta rage. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta matso ta ɓangaren kunnensa mai ji.

"Ɗana, an ce mini ya rasu, an ce an binne shi. Ba wanda ya gaya mini inda ya bi. Kai kake tuƙa shi, ko?"

"Ni ne, Mama."

"To, ka kai ni."

Ya gyara zama. Sai ya fara ba ta labarin hanyar daga gadar Binuwai, shekarar da Mubi ta faɗa hannun 'yan ta'adda, mutane na kwararowa Yola da ƙunshi a ka, su kuma suna kutsawa cikinsu sun nufi arewa. A Girei injin ya ɗau zafi, mata suka yi ta kawo musu ruwa a bokiti. A Song sarƙar tankar ta tsinke, Laminu ya yini yana dukan ƙarfe har tafinsa ya fashe. A Gombi shugabansu Sajan Hamajoɗa ya samo musu akuya. A Hong suka iske coci da masallaci duk a ƙone. Laminu ya yi salla a inuwar tanka, shi Ishmael yana tsaye a kansa da bindiga.

"Yana cin abinci kuwa?" ta tambaya.

"Mama, yana cinye nasa ya haɗa da nawa."

Ta yi dariya har ta dafa ƙirji, sannan ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya jira ta.

Ya kai ta Mubi, ya kai ta Michika. Gaba da Michika kaɗan suka taka nakiya.

"Ni ina gaba, ƙofata ta buɗe. Tasu ba ta buɗe ba."

Ba ta tambaye shi ƙarin bayani ba. Ta ce ya sake faɗa mata garuruwan a hankali, tana maimaitawa a bayansa har suka zauna mata.

Da la'asar motar kaya ta iso. Ya taya su lodi duk da Bintu tana hana shi saboda ƙafarsa. Ya Kellumi ta riƙe hannunsa ta tagar mota.

"Ka zo ka gan mu a Borno."

"In Allah Ya yarda, Mama."

Motar ta karya kwana ta ɓace. Ya koma cikin gidan ya zauna a bakin baranda, don bai ji yana son komawa Jimeta tukuna ba. Can sai mai gidan ya shigo da kwaɗo a hannu, ya dube shi.

"Malam, wani kake jira?"

"A'a," in ji Ishmael. Ya miƙe ya ba shi wuri don ya kulle ƙofa.