Cikin Saniyar Hajo

Hannun Sagir na cikin saniyar har kafaɗa lokacin da mahauci ya fara wasa wuƙa a bakin zaure.

Saniyar ta Hajo ce, mahaifiyarsu, ita kaɗai ta rage daga garken marigayi babansu. Tun sojoji na kan mulki ta ɗauki ciki. Ga shi an yi zaɓe, an rantsar da farar hula, ba ta haihu ba, ba ta kuma sake neman bijimi ba. Babaji, wan Sagir, ya ci kansila, yana son naman walima. Sharaɗin Hajo ɗaya ne: Sagir da ya karanto likitancin dabbobi a Rasha ya duba. In ba ɗa mai rai, a yanka.

"Likita, yi sauri," in ji Babaji. "Mutanen Ƙofar Guga nama za su ci, ba Rashanci ba."

Yatsun Sagir suka taɓa abin. Babu ruwa, babu motsi. Ɗan maraƙin ya mutu tuntuni, ya bushe ya ƙandare kamar ƙirgi.

"Kwanciya ya yi," Hajo ta ce daga kan tabarma. "Zai tashi."

"Haba Inna, ciki yana kwanciya ne? Likita, gaya mata abin da aka koya maka."

Hajo ba ta dubi Babaji ba. Sagir ta duba.

"Kai ma haka ka kwanta mini. Babanku na can Kumasi fatauci, shekara ta zagayo har ta wuce, sannan ka motsa. Da ya dawo liman ya ce nasa ne, ya yanka maka rago."

Ƙarar wuƙa ta tsaya.

Sagir bai taɓa jin wannan magana ba. Ya san abin da aka koya masa, a kan saniya da a kan mutum. Ya kuma san duk abin da ya fito daga bakinsa, mahaucin zai kai shi kasuwa kafin la'asar.

Ya zaro hannunsa a hankali, ya tsoma a bokiti.

"To?" in ji Babaji, murya ƙasa-ƙasa.

"Yana nan," in ji Sagir. "Kwanciya ya yi."

Mahauci ya naɗe wuƙarsa a tsumma. Babaji ya bi shi waje, yana tambayar inda za a sami bijimi yau.

Hajo ta tashi ta zuba wa saniyar dusa. Sagir na tsugune, yana ta wanke hannun da ya riga ya fita tas.